Ɗigo a Ƙarƙashin Kara

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da abokan aikinki na ofis da malaman da ke koya muku aikin lauya da yamma. Idan kin tambayi jikina, da sauƙi, sai gwiwa da ta ƙi jinin matakala, da tarin safe da ya zama abokin hira. Kunne kuwa kin san labarinsa. Wayar da kika aiko tana cikin aljihun tebur, in na kanga ta a kunne sai in ji kamar ana magana daga cikin rijiya. Saboda haka ki ci gaba da haƙuri da takarda. Ke jikar yayata ce, amma tun da aka sa miki sunan mahaifiyarmu kika zama uwata, uwa kuwa ba ta gajiya da rubutun ɗanta ko da ya yi kama da sawun kaza. Alƙalamin tawadar da muka tsufa tare ya fara zuba kamar hancin mai mura. Har yau kuma ban iya lanƙwasa kan haruffa irin naku ba, mu ɗigo aka koya mana mu sa a ƙarƙashi, kin dai saba.

Takardarki ta iso da labarin hukunci. Na gode wa Allah, na gode miki, da kika ɗauki lauya kika kuma tsaya a matsayin wakiliyata. Shagon da ke jikin gidan nan ya tabbata nawa, kamar yadda yake tun farko. Sai dai na karanta na ajiye, na jira murna ta zo, ba ta zo ba.

Ke kin san Auta tela ne mai zama a shagon, amma ba ki san farkonsa ba. Ƙanin marigayiya matata ne, ita ta kawo shi gidan nan yana ɗan saurayi, ita ta saya masa keken ɗinkin da yake takawa har yau. Da ya kai ni kotu yana cewa shagon nasa ne, ban ji zafi sosai ba. Abin da ya soke ni shi ne rantsuwar da ya yi cewa yayarsa ta ba shi da bakinta, a lokacin da ni da shi muka san tana kwance a asibiti, harshenta ya riga ya daina aiki. Ya sa magana a bakin da Allah ya rufe. Ga kuma ɗage zaman da ya yi ta sawa a yi, yana aika wa alƙali cewa yana kwance ba ya iya tashi. Gadona yana jingine da bangon shagon. Kunnena ba ya jin keken, amma bayana yana ji. A ranakun da ya ce yana kwance, bangon nan wuni yake yana rawa.

Tun da aka fara shari'ar ba mu gaisa ba. In na fito shan iska sai ya sunkuyar da kai kan allura.

Kin tambaye ni abin da za a ce wa lauya game da kuɗin shari'a, ko a nemi Auta ya biya. Na juya maganar a raina har na gaji. Daga ƙarshe na tambayi kaina abin da marigayiya za ta ce da tana nan, ita da aka yi wa abin. Na san amsarta, ita ce kuma tawa. A yi kara.

Ki riƙa cin abinci kafin ki shiga aji, karatu ba ya zama a cikin da babu komai. Allah ya yi miki albarka.

Ɗanki tsoho.

*

Zuwa ga Kaka, ɗana mai furfura,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida gwiwa, tarin kuma ka ce masa uwarka ta ce ya tattara kayansa. Ni lafiya lau, sai aiki da ya yi mini yawa, ga jarrabawa ta matso. Abinci ina ci, kada ka damu, har siket ɗina ya fara ƙorafi.

Kaka, ka ba ni mamaki. Na ɗauka za ka ce a bar shi da Allah kamar yadda ka saba. Da na ga ka rubuta “a yi ƙara” sai da na tashi tsaye a ofis, har abokiyar aikina ta ce ko albashi aka ƙara. Gaskiyarka ne, Gwaggo matarka ba ta cancanci a yi mata ƙarya tana kabari ba.

Bari in yi maka bayani yadda aka koya mana, ka ga kuɗin makaranta ba su tafi a banza ba. A ƙa'ida, wanda ya faɗi a shari'a yakan ɗauki wani kaso na ɗawainiyar wanda ya yi nasara, ba duka ba, gwargwadon abin da alƙali ya ga ya dace. Faɗuwa ba laifi ba ce, mutum yana iya zuwa kotu da zuciya ɗaya ya faɗi. Amma in ya tabbata mutum ya yi rantsuwa kan ƙarya, ko ya kawo shaidar zur, ko ya ja shari'a da gangan, to alƙali yana da ikon ɗora masa nauyin gaba ɗaya, don ƙaryarsa ce ta sa ɗayan ya yi ta kashe kuɗi yana kare abin da bai kamata a ce sai an kare ba. Ko mu da muka ci, da an kama mu da ƙarya, alƙali yana iya cewa mu tafi hannu rabbana. Sai dai ba a cika ba wanda bai roƙa ba. Ba sabuwar ƙara ba ce sosai, roƙo ne a cikin tsohuwar, amma na gane nufinka.

Na kira lauya a ranar, ya ce dama abin da yake jira ke nan. Ya shigar da takarda, an kuma sa rana nan kusa. Ba sai ka je ba, ka huta wa gwiwarka.

Ka rubuto da wuri. Kuma don Allah ka yi wa alƙalamin nan ritaya, takardarka duk ta yi zanen zabuwa.

Uwarka.

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Shiru ya yi yawa. Na kira wayarka na san ba za ka ɗauka ba, na kira mai kantin ƙofar gidanku lambarsa ba ta shiga. Ina gaya wa kaina gidan waya ne suka yi halinsu. In fushi kake don na zagi alƙalaminka, na tuba.

An yi zaman. Alƙali ya ba mu duk abin da muka roƙa. Ya ce da Baba Auta ya zo da hujjarsa tsakani da Allah ya faɗi, da kaso kaɗan zai biya, amma wanda ya mai da kotu wurin wasa shi zai ɗauki kuɗin wasan. Lauya ya ce Baba Auta shi kaɗai ya zo, ko lauyansa babu, bai kuma yi musu ko ɗaya ba. Abin da ya roƙa kawai a sallame shi da wuri, wai yana da majinyaci a asibiti. Ka ji fa! Lauya ya ce har ma'aikatan kotu sai da suka murmusa. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Ka aiko ko da layi ɗaya ne, hankalina ya kwanta in yi jarrabawa.

Uwarka.

*

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, jarrabawa kuma ta zo da sauƙi. Ki yafe mini shirun. Jikina yanzu alhamdulillahi, ina iya zama a kujera, ina iya riƙe cokali. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Majinyacin nan da aka yi wa dariya a kotu, ni ne.

Wata safiya na tashi zan buɗe taga, sai ƙasa ta taso ta same ni. Na kwanta tsakanin gado da ƙofa, ina ganin ƙafar tebur, ba na iya kiran kowa. Ashe bangon nan hanya biyu gare shi. Ni ina jin kekensa, shi yana jin tarina. Da hantsi ya yi bai ji tari ba, sai ya zagayo ya ɓalle sakatar ƙofa da almakashinsa babba. Shi ya ɗauke ni a kafaɗa zuwa bakin titi, shi da ba yaro ba. Shi ya zauna da ni a asibiti, ya ba ni abinci a baki, ya juya ni, ya wanke abin da ba na so in rubuta. Zazzaɓi ya sa kwanakin sun cakuɗe mini, amma na tuna wata safiya da ya sa rigarsa ta fita unguwa ya tafi, ya dawo bayan azahar ya zauna ya ɓare mini lemo. Yanzu na san inda ya je.

Da aka sallame ni na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Na karanta ta farko har sau uku ina zaton idona ne. Uwata, ni ban ce a yi ƙara ba. Kara na ce a yi, kara ta alkunya, irin wadda ake yi wa na gida ko da ya yi abin kunya. Ki ɗauko takardar ki duba ta a hasken rana. In akwai ɗigo a ƙarƙashin harafin nan, ba ni na sa shi ba, alƙalami ne ya yi hawaye a inda bai kamata ba. Malaminmu na aji ɗaya yakan bugi yatsunmu da rula a kan ɗigo, yana cewa ɗigo ɗaya yana mai da kasa ƙasa. Mun ɗauka mugunta ce.

Ban ga laifinki ba. Ni ne na yi miki magana a dunƙule, irin ta tsofaffi, na zayyana miki ciwon duka, maganin kuma na bar shi a kalma ɗaya. Abin da ban faɗa miki ba shi ne wannan. Tun da marigayiya ta tafi, rawar bangon nan ce ke gaya mini gari ya waye kuma akwai mutum kusa. Ko a lokacin shari'a, ina jin haushinsa, ina kuma jingina bayana da bangon. Abokan karatuna duk sun riga ni gidan gaskiya. Gidan nan in na ajiye kofi da safe, a nan zan same shi da yamma, babu mai gusar da shi.

Yanzu bangon ya yi shiru. Mai kanti ya rubuta mini a bayan kwali cewa Auta yana neman mai sayen keken, ya kuma fara sauke katakon da yake jera yadi a kai. Ba shi da abin da zai biya da shi sai wannan. Yana kawo mini abinci ya ajiye ya fita, ba ya yarda mu haɗa ido. A zatonsa ni na aika a bi shi, yana can yana wanke ni.

Ke kika san doka. Ki gaya mini ko akwai ƙofar da ba a rufe ba. Shago ba tare da Auta ba ɗaki ne kawai, ɗakunan da babu kowa kuwa ina da su har sun yi mini yawa.

Ɗanki.

*

Kakana,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu, sannu, sannu. Allah ya ƙara sauƙi. Na karanta takardarka a tashar mota, na yi kuka har wata mata ta miƙo mini ruwa. Da zarar na ajiye alƙalamin jarrabawa ina tafe, kada ka ce kada in zo.

Na ɗauko takardar na duba. Ɗigon yana nan. Amma akwai 'yan'uwansa warwatse ko'ina, har da wani a ƙarƙashin kaza, ban kuwa karanta ƙaza ba. Duk sauran na san tawada ce. Wannan kaɗai na ɗauka da gaske, don shi zuciyata take so.

Tunda ka buɗe mini cikinka, bari in buɗe maka nawa. Kuɗin lauyan nan ba daga sama suka faɗo ba. Saboda su na jinkirta zango guda na karatu, 'yan ajinmu suka wuce ni. Duk ɗage zaman da Baba Auta ya sa aka yi yana taka kekensa, daga aljihuna aka cira. Ban faɗa maka ba don kada ka ce a bar masa shagon. Saboda haka karar da kake so a yi, da kayana za a yi ta, ɗana. Na yi fushi na kwana biyu. Sai na tuna da ba don almakashinsa ba, da yanzu ba ni da wanda zan yi wa fushin.

Ga ƙofar da ka tambaya. Hukuncin ba zai goge ba, kuma ni ban so ya goge. Ba kai kaɗai aka yi wa ƙarya ba, har da kotu, alƙali kuma ya kira abin da sunansa. Amma kotu ba ta zuwa karɓar kuɗi da kanta. Hakki ne da aka ba mu, in mun ga dama mu nema, in mun ga dama mu bari. Muddin ba mu koma mun ce a tilasta masa ba, babu mai taɓa ko zarensa. Na riga na gaya wa lauya ya tsaya. Ya yi ta mita, na ce ya sha ruwa.

Abu ɗaya nake roƙo, ba kuɗi ba. Ya faɗa maka, shi da kansa, cewa Gwaggo ba ta ce ba. Ita ba ta da lauya sai mu.

Ka nuna masa wannan takardar in ka ga dama. Ka ce na gode. Ka ce kuma na ji kunyar dariyar da na yi.

Uwarka, wadda ba ta iya karatu ba.

*

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Jiki yana ta dawowa, jiya har na kai ƙofar gida da sanda na dawo ban zauna a hanya ba. Maganar zangon karatunki ta tsaya mini a wuya. Ba ni da abin da zan ce sai Allah ya ba ki 'ya'yan da za su yi miki abin da kika yi mini, amma masu kyan rubutu.

Takardarki ta zo a kan gaɓa. Washegarinta da safe sai ga Auta ya turo ƙofa da kan keken a rungume, ya naɗe shi da tsohon zanen marigayiya, ya dire a gabana. Masu saye sun yi masa tayin wulaƙanci, sai ya ga gara ya kawo wa mai bin bashi kai tsaye. Na nuna masa kujera, ya ƙi zama. Na miƙa masa takardarki, na kuma ba shi tabarauna, don nasa idon ma ya fara tafiya. Ya daɗe yana karantawa. Da ya zo wurin ɗigo sai na ga kafaɗunsa suna motsi, ban san dariya yake ko kuka ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Ya yi magana, na nuna masa kunnena. Sai ya laluba aljihu ya ciro allin da yake zana yadi da shi, ya durƙusa ya rubuta a kan simintin ɗakina: Yaya ba ta ce ba. Ya ƙara a ƙasa: An ce za ka sayar da gida ka koma wurin jikarka, na ji tsoro. Na karɓi allin na rubuta masa: Da ka tambaye ni. Muka zauna muna kallon simintin kamar 'yan aji ɗaya. Ban bari an share ba tukuna, na bar miki ki zo ki gani da idonki, tunda ke ce lauyar marigayiya.

Sai dai gardama ta taso a inda ban zata ba. Na ce ya ɗauki kekensa ya koma shago, an yafe. Ya ƙi. Ya rubuta cewa alƙali bai zalunce shi ba, abin da ya shuka ya girba, in ya mai da keken nan ba zai iya kallon alluransa ba. Kin san taurin kan gidansu, na zauna da irinsa shekara da shekaru. Na ga in na matsa zai ajiye ya tafi, in rasa keke mai motsi in rasa tela.

Sai na yi dabara irin ta ɗan lauya. Na ce to, na karɓa, amma ba nawa ba ne, na wadda ta biya lauya ne. Ni ajiya aka ba ni, mai ajiya kuwa dole kaya su zauna a gaban idonsa. Keke kuma in ba a taka shi ba tsatsa yake yi, ga gwiwata kin san halinta. Saboda haka ina neman wanda zai riƙa zuwa kullum yana taka wa uwata kekenta, ladansa duk abin da ya ɗinka. Daga nan ya fita, ya dawo da ƙafafun keken da mai kanti, suka kafa shi a ɗakina gefen taga.

Yanzu a shago yake yanka, a nan yake ɗinki. Masu kawo gyara suna shigowa har ɗaki, suna zama a kujerata, suna gusar mini da kofi. Wata ma ta ce in riƙe mata jariri a gwada ta. Ƙyallaye sun cika ko'ina, jiya na tsinci allura a cikin takalmina. Ina yi masa faɗa yana yi kamar shi ne kurman.

Ya ce in gaya miki ki aiko da awonki, kafaɗa da tsawo, ko ki bari sai kin zo. Ya sayo baƙin yadi ya ɓoye a ƙarƙashin gadona, wai rigar lauya zai ɗinka wa mai keke, kuma in kika yi maganar biya zai kai ki kotu.

Alƙalamin ya yi ritaya kamar yadda kika umarta, da fensir nake rubuta wannan, babu ɗigon da ba ni na sa ba. In kin ga layukan sun karkace, wannan karon ba hannuna ba ne. Teburin yana jingine da keken, Auta kuma yana aiki.

Ɗanki tsoho.